Ku Bar Mini Ajina na Ranar Talata

Zuwa ga Mai Girma Shugabar Sashen Nazarin Ingilishi,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da malaman da ke ƙarƙashinki. Na rubuto miki da Faransanci har na gaji, shiru. Wannan karon da Hausa na rubuta, na kuma baza wasiƙar a fili. Tunda kwamitinki ya yanke cewa Afirka ce fannina, ba za a rasa mai fassara a La Guillotière, unguwar 'yan Afirka ta nan Lyon, ba.

Na farko. Ni Isufu ne, mutumin Mirriya ta ƙasar Damagaram. Na zo Paris a farkon shekarun dubu biyu, na zauna a wani ɗaki a unguwar Belleville wanda in ka miƙa hannuwa sai ka taɓa bango biyu. A nan na koyi Ingilishin zamanin da, wanda aka rubuta da hannu a kan fata, wanda su Ingilishawan yau ma sai an fassara musu. A kansa na yi digirin dakta, a kansa idona ya raunana, kuma shi kuka ɗauke ni in koyar a Lyon. Takardun suna ofishinki.

Na biyu. An sanar da ni cewa daga baɗi za a ba wani ajina na ranar Talata, ni kuma in koma koyar da adabin Afirka. A tsaye aka gaya mini, a bakin matakala, mai gaya minin har yana dafa kafaɗata, wai yanzu zan ji kamar ina gida. Ranki ya daɗe, ban taɓa karanta wannan fanni ba, kuma yana da masanansa da suka ba shi rayuwarsu. Abokin aikinmu da aka haifa a bakin tekun Bretagne, ban ji an ce ya koma koyar da kamun kifi ba.

Na uku, kuma shi ne mai zafin. A taron masana a Paris, sau da yawa in na shiga akan tambaye ni cikin ladabi ko na yi ɓatan ɗaki ne. Cikin 'yan'uwana kuwa Malam Turanci ake ce mini. Sukan kawo mini takardun kaya daga Dubai in fassara. Da na yi wa wani Alhaji mai shago bayanin aikina, dariya ya yi har da hawaye, ya ce ashe Turancin matattu nake yi wa gadi. Ban ji haushinsa ba. Mahaifiyata ma ta rasu tana zaton “yes” da “no” nake koyarwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, na sani. Nakan koma masaukina a Vénissieux a jirgin ƙasa na metro, in dafa shinkafa, in ci ni kaɗai, in karanta baitocin waƙoƙin tsohon Ingilishin nan da ƙarfi don in ji muryar mutum a ɗakin. Kaɗaici ya ishe ni, ba na ɓoyewa. Ɗalibaina ba su da yawa, amma a duk mako, wannan ajin ne kawai wurin da nake faɗin abin da na sani wani ya gane, har ya yi mini gardama. In kuka karɓe shi, ba tsuntsu ba tarko.

Roƙona kaɗan ne. A sake duba wannan hukunci. A kira ni a zaunar da ni kafin a yanke, kamar kowane malami. In aikina ne ya gaza, a nuna mini inda ya gaza, zan sunkuyar da kai. In kuma ba a sami gazawa ba, a rubuta mini ainihin dalilin, wani ya sa hannu da sunansa.

Allah Ya ƙara miki lafiya da basira, Ya kare ki daga zama baƙuwa a ɗakin da kika tsufa a cikinsa.

Wassalam.

Isufu ɗan Mirriya,
Vénissieux