Lahadin da Na Yi Gadin Pelen Inna

Leimatu'a, Vava'u

Zuwa ga Yayata Lesieli,

Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ta dace daga ƙane zuwa ga yayarsa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwa, ya ba ki juriyar sanyin Auckland, amin. Mu nan lafiya lau muke. Fatai, matar ƙanenki, ta warke daga tarin da ya dame ta, har ta koma saƙar tabarma tare da matan unguwa. Ni kuwa tun da na ajiye aikin duba makarantu, lambun bayan gida ne ya zame mini ofis.

Kin tambaya ko pelen Inna, ganyen miyar nan tata, yana nan. Ina tabbatar miki yana nan daram. Gaskiya ne guguwar bara ta tumɓuke na tsohon gidanmu, ba ta bar ko ɗaya tsaye ba. Kin kuma san da reshe ake dasa pele, don haka da rassan sun bushe, da irin na Inna mai jan jijiya da taushin ganye ya ƙare ke nan. Na tsinto 'yan rassa cikin tarkace, na dasa su a tsakiyar lambu, na ja igiya domin layin ya miƙe. Tumatir da kabeji suna gabas, albasa da barkono suna yamma, ɗoɗɗoya da na'a-na'a kuma a gindin tankin ruwa. Fatai takan ce wai Sufeto bai yi ritaya ba, ɗalibai kawai ya sauya, saura ya koya wa kabeji gaisuwar safe.

To, ga abin da ya faru. Wata Lahadi na fito cikin fararen kaya, na ɗaura tabarmar ƙugu ta shigar girmamawa bisa al'adarmu, domin ni ne zan yi karatu a coci. Sai na tarar iska ta kayar da kwano guda na shingen lambu. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Uwar aladun maƙwabcinmu Kelepi ta riga ta shiga da 'ya'yanta, ta gama da kabeji, ta nufi pele. Na kore ta, amma ta tsaya nesa kaɗan tana jiran in ba da baya.

Fatai ta ce in ɗauko guduma in buga ƙusa biyu, Allah ba zai rasa fahimta ba. Na ce mata mutumin da ya yi rayuwarsa yana hana yara ko da wanke riga ran Lahadi ba zai sa garin nan ya ji ƙarar gudumarsa a ranar hutu ba. Na kira Kelepi ya kama dabbarsa. Ya leƙo ta kan shinge yana dariya, ya ce ai ni Malam ni na koya musu bin alade da gudu ma aiki ne, ita kuma baiwar Allah ba a yi mata baftisma ba, ba ta san Lahadi ba. Sai dai da yamma in ta ji ana fasa kwakwar abincinta za ta koma gida da kanta, ya rufe ta.

Na yi nazari, na ga babu dokar da ta kira zama aiki. Na ɗauko kujera na kafa a bakin ramin shingen, na zauna da littafin waƙoƙi. Ba zan ɓoye miki ba, da ƙararrawar coci ta kaɗa abin ya dame ni, domin ban taɓa barin wani ya yi karatun da aka ba ni ba. Ga shi kuma kafar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙananan suna ta neman sulalewa ta gefen ƙafata.

Da aka tashi daga coci, fasto ya zo da dattawa duba ni, suna zaton ciwo ne. Da ya ji dalili ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce babu gidan da bai ci pelen Inna ba a garin nan lokacin da take raye, saboda haka sujadar yamma a nan za a yi ta. Aka shimfiɗa tabarmi, mutane suka zauna kafaɗa da kafaɗa suka toshe kafar, na miƙe na yi karatuna. Kelepi ya ce bai taɓa ganin aladunsa sun saurari wa'azi da natsuwa haka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Yaya. Washegari na gyara shingen, Kelepi na riƙe da kwano, ni ina duba miƙewarsa.

Yanzu pelen ya kai ƙirjina. Makon jiya muka yi tsinkar farko, kuma bisa al'ada nunan fari na 'yar'uwa mace ne, nisa bai soke wannan ba. Fatai ta dafa shi da madarar kwakwa a ramin gashi, mun daskarar da shi, 'yarki Kalolaine da ta zo ganinmu za ta taho miki da shi. Ki ɗumama shi a hankali, kada a ƙara gishiri, na auna da kaina. Babu wanda ya kai ganye ɗaya baki a gidan nan, kuma ba za a kai ba sai kin ɗanɗana kin aiko cewa na Inna ne.

Ki gaishe mini da Viliami da iyalinsa, da Seini, da ƙaramar jikarki 'Akosita. Fatai tana gaishe ki, ta ce don Allah ki hanzarta amsa, ta gaji da kallon ganye ta taga.

Ƙanenki mai biyayya,
Penisimani