Jirgin Baba a Kan Tudu

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Baƙuwar ciyawar nan mai shuɗin fure da ta shigo mana bara ta shafe kogi gaɓa zuwa gaɓa. Filafili ba ya shiga, fito ya tsaya, masunta sun rataye komarsu. Na ja jirgin marigayi Baba kan tudu. Wani mai fito daga ƙasan kogi ya taya shi da daraja. Gadonmu ne mu biyu, ba zan sallama ba sai da yardarki.

Wassalam, yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarka ta ɓata mini rai. Fure ne fa, ba dutse ba! Lauje ya ƙare a garin ne, ko mazan ne suka ƙare? A jirgin nan Baba ya haye da Inna ranar da za ta haife ni. Ban yarda ba. Ka gaida mutan gida.

Ƙanwarka.

Auta,

Muna amsawa. Mun yanka har hannu ya yi kanta. Inda muka share ranar kasuwa, kafin wata kasuwar ta zagayo ya rufe. Shi kuma jirgin itace ba ya son tudu, rana tsaga shi take yi. Safe da yamma ina ɗebo ruwa a rijiya ina zuba masa kamar mai bayin lambu. Girki ya koma sau ɗaya a gidana. Babban ɗana ya bar makaranta, yana dako a tasha. Ina jin kunyar haɗa ido da shi.

Ki huta lafiya, yayanki.

Yaya,

Don Allah ka yafe mini, na karanta ina kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka sayar, ka mayar da yaron aji. Rabona ma na bar masa.

Taka, Auta.

Auta,

Allah ya yi miki albarka. Na je ƙasan kogi da kaina neman mutumin. Na same shi a bakin gaɓa, furen ya riga ni isa. Ban kai ga buɗe baki ba ya tambaye ni ko na san mai sayen jirgi, yana da guda biyu.

Ki gaida yara. Yayanki.