Gurbin Da Aka Bari Ƙarƙashin Sunan Nomau

Zuwa ga ƙanena Sabi'u, a duk inda wannan yaƙi ya kai ka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Baba yana gaishe ka, haka ma Kawu Isa da duk mutanen gida. Mu nan Tsiga lafiya lau, sai dai rashin jin ɗuriyarka. Ban san inda zan aika da takardar nan ba, amma abin ya yi wa ƙirjina yawa.

Kana tuna ranar da ka kai auduga Funtua ka dawo da kai a aske ƙwal? Tun daga ƙofar gida na gane ka shiga soja. Baba yana gyaran ƙota a zaure, ya dube ka, ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa ka ce mini, "Yaya, kwantar da hankalinki, kafin dawa ta nuna mun gama mun dawo." Dawar ta nuna an yanke, an sake shuka wata, ita ma ga ta a rumbu.

Tun tafiyarka mu matan unguwa muke haɗa abin da ya samu. Wannan ta kawo gyaɗa, waccan ta kawo yaji, mu wuni muna suyar ƙuli-ƙuli da dakan dakuwa. In an ce jirgin sababbin soja zai biyo daga Gusau, sai mu bi motar kasuwa zuwa tashar Funtua, mu riƙa miƙa musu ta taga. Suna waƙa suna dukan jikin tarago. Yara ne, Sabi'u, wasu ko gemu bai tsiro musu ba. Duk wanda na miƙa wa ƙunshi sai in ce a raina, wataƙila da kai zai raba.

Mamman na Kafur, wanda kuka tafi tare, ya dawo da damina a kan sanduna biyu, ƙafar wando ɗaya a naɗe. Na je har gidansu. Ya ce ganinsa da kai na ƙarshe a bakin wani babban kogi ne, kana shiga jirgin ruwa da takalmanka rataye a wuya. Na ce, daga nan fa? Ya ce shi a nan gaɓa aka harbe shi, bai san sauran ba. Har na tashi bai dubi fuskata ba. Kullum ina juya maganar, ban san ko ciwo ne ya sunkuyar da kansa ba, ko wani abu ya sani.

Abokin gayyarka Nomau, ɗan Tambai Bamagujiya mai daddawa, shi kam an aiko cewa ya rasu. Ba a kawo gawa ba, sai bargonsa da kwanon cin abinci.

Ranar kasuwar Kafur da ta biyo baya, motar masu ɗaukar soja ta zo, ƙanen Nomau kuma ya shiga layi. Ina wurin, na je sayen gyaɗa. Tambai ta ajiye ƙwaryarta, ta cire ɗankwali, ta kwanta a ƙasa gaban tayar mota. Wasu mata biyu suka kwanta kusa da ita. Ba ta yi kuka ba. Da ƙarfi take cewa, "Ku nuna mini kabarin na fari kafin ku ɗauki na biyu!" Direba ya tayar da inji don ya tsorata ta, ko motsi ba ta yi ba. Ni kuwa na zauna kan buhu. Daga baya samari suka ɗauke ta ciɗak, ana ihu ana ce mata 'yar goyon bayan 'yan tawaye. Yaron ya tafi a motar.

Ka san Kawu Isa da zafi, tun da shi ya ga yaƙin Bama na zamanin Turawa da idonsa. Cewa ya yi, "In kowace uwa ta kwanta a hanya, wa zai je ya karɓi Sabi'u? Sai a bar shi shi kaɗai a daji?" Maganarsa ta shige ni, domin gaskiya ce. Amma ita ma Tambai ba ƙarya ta yi ba. In an daina tura yara, ina tsoron a bar ka ba mataimaki. In an ci gaba da turawa, ina tsoron ranar da zan ga kaina kwance inda ta kwanta. An daina sayen daddawarta a kasuwa. Ni ina saye, ƙuli-ƙulin soja kuma ban fasa soyawa ba. Duk wanda ya ce in zaɓi ɗaya, ba shi da ƙane a can.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mai gari da dattawa sun sa an gina ginshiƙin siminti a bakin kasuwarmu, don a rubuta sunayen 'ya'yan ƙasar nan da suka rasu a yaƙi. An kawo magini daga Malumfashi. Wasu suka ce kada a sa Nomau, saboda abin da uwarsa ta yi. Kawu Isa ne da kansa ya doka sanda a ƙasa ya ce, "Yaron nan ya ba da ransa tun uwarsa ba ta kwanta ba. Ku rubuta shi!" Aka rubuta.

Sai kuma suka aiko zaure suna tambayar ko a rubuta naka sunan. Wai an daɗe shiru, ga siminti yana shirin bushewa. Ni na amsa daga bayan ƙyaure, na ce ba a yi wa mai rai zaman makoki. Maginin ya ce to, zai bar gurbi ƙarƙashin sunan Nomau, in ta kama daga baya zai dawo ya sassaƙa.

Na je na gani, ɗan'uwana. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, sumul, ba komai a kai. Sunayen da aka rubuta ba su firgita ni kamar wannan fili ba. Na tsaya ina auna haruffan sunanka da ido, na ga za su shiga daidai, sai na juya da gudu.

Ka dawo, Sabi'u na Inna. Ko da sanda, ko a goye, ka dawo. Zan kama hannunka in kai ka gaban ginshiƙin ka ga wurin da aka tanadar maka, mu yi dariya.

Ya Allah, Ka tsare shi daga harsashi da ruwa da yunwa. Ka jiƙan Nomau, Ka mayar wa Tambai da wanda ya rage mata. Ka kashe wutar nan. Kada Ka sake kawo maginin nan garinmu, amin.

Taka har kullum,
Yayarka Hajara.