Kundin Yayana da Ke Rataye a Ƙofar Ofishinku

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tattara Waƙoƙin Sabuwar Jiha,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da aiki, in ana yin sa.

Ni mahauci ne a Sabon Garin Jega. Yayana, Malam Ɗantani na Kimba, manomin albasa ne, kuma tun yana saurayi yake rubuta waƙa da ajami. Ranar kasuwa, daga Aliero har Maiyama, direbobi kan kashe mota su saurare shi. Yanzu idanunsa sun tafi, baitocin ma sun fara zube masa.

Na ɗaya: da aka ba mu jiha, kun yi shela a kawo waƙoƙi za a buga. Ni na kawo kundinsa da hannuna, ba shi kuwa da wani.

Na biyu: damina biyu ina sintiri. Yau kana taro, gobe mai makullin durowa ya tafi suna.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai: makon jiya na ɗaga kai a ƙofar ofishinku, na ga wani abu ɗinke cikin jar fata yana reto. Maigadinku ya ce ma'aikata sun buɗe kundin, suka ga baƙaƙen Larabci, aka rasa mai karantawa, sai aka yanke cewa babban tsari ne, aka kai wa baduku. Har rantsuwa ya yi mini cewa tun da aka rataya shi ba a yi wa kowa canjin wurin aiki ba.

Ranka shi daɗe, abin da ke tsare ku ɗin nan waƙar tsutsar albasa ce, da ta ramukan hanyar Karaye, da wata doguwa a kan ma'aikacin da hularsa ke kan tebur shi yana gida.

Roƙona a farke fatar a ba ni kundin. A ciki akwai waƙar da ya yi ranar da mahaifiyarmu ta rasu. Kullum yakan fara ta, ya tsaya a baiti na uku, ya tambaye ni abin da ke biye. Ni kuwa nama na sani. Ina son a karanta masa ita tun yana da rai.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare maka kujerarka ba da kundin yayana ba.

Wassalam.

Umaru Mahauci,
Sabon Garin Jega