Lungun Kicin Yana Jiran Bakinki

Zuwa ga Celina, Maman Becky, ruwan farkon damina da ke sauka a kan dutsen Kagoro, inuwar ɗorawata da tsakar rana, zumar da ba a gauraya ta da sukari ba, cittata mai yaji wadda ko ta shekara a shanya zafinta yana nan.

Ina gaishe ki da gaisuwar mutumin da ya gaji da cin burodi da shayi a tsaye. Yaya bayan naki? Yaya wurin ɗinkin? Ƙanwarki Lizzy ta ce kin fara zagaya tsakar gidanta ba sanda, har kin leƙa tukunyarta kin ce gishiri ya yi yawa. Da na ji haka na gode wa Ubangiji, na ce lallai matata ta kama hanyar warkewa. Takardar nan kuwa na ba Nuhu direba ya kawo miki Jos ne domin a waya kina zille mini, amma takarda ba ki da inda za ki danna ta yi shiru.

Ga halin da gidanki na Gonin Gora yake ciki. Tun ranar da likita ya gama aikin bayanki ya ce ke da sunkuyo sai tarihi, na kira Malam Yahaya kafinta daga Trikania ya ɓamɓare tsofaffin kabad ɗin kicin gaba ɗaya. An sa sabon tayil, an ɗaga wurin wanke-wanke daidai ƙugunki, durowoyi suna shiga suna fita ba ƙara. Abu ɗaya ya rage, lungun nan inda bango biyu suka haɗu, tsakanin gas da famfo. Yana nan baki buɗe, yana kallona safe da yamma kamar yana tambayata ina mai gidan ta gaskiya.

Kin tuna lungun ai, ya tauraruwata? Ramin nan mai zurfi da ya haɗiye murfin tukwanenki, da maburgin da mahaifiyarki ta ba ki, da robobi marasa adadi? Kin tuna Kirsimetin da kika shige cikinsa har ƙugu kina neman babbar tukunyar fate, matar Fasto ta yi sallama ta shigo, ba ta tarar da kowa ba sai tafin ƙafafunki biyu, ta tsaya ta gaishe su cikin ladabi ta tambaye su lafiyar yara? Ni na kamo ƙafafun na jawo ki. Kika fito da yanar gizo a ɗankwali, tukunyar a rungume kamar jaririya, kina haki kina cewa duk wanda ya yi dariya ba zai ci nama ba. Ban ci nama ba ranar, kuma har yau ban yi nadama ba. Ban taɓa ganin kin yi kyau irin na lokacin ba, ko ranar da aka ɗaura mana aure.

To Malam Yahaya ya kai ni shagon kayan kicin, aka nuna mini dabaru iri-iri, kowacce ina kallonta ina ganinki. Akwai wasu manyan farantai zagayayyu, ɗaya a kan ɗaya, da ake dasawa a cikin lungun. Da yatsa ɗaya za ki tura su juya, abin da ke can ƙurya ya zagayo gabanki. Na gwada, na ɗan sa ƙarfi, gwangwanin da suka ɗora don nuni ya tashi ya faɗa kan ƙafar mai shagon. Na ce wannan ya dace da ke, domin juyinsa sak irin naki ne a rawar Zumuntar Mata ranar godiyar kaka, a hankali da farko, daga baya kowa ya kauce. Matsalarsa, tukunyar fate ba za ta zauna a kai ba, kuma duk abin da ya zame ya faɗa baya, sai an sake aika wani cikin rami.

Akwai kuma kwandunan ƙarfe da ke bin ƙofa. Kina buɗewa na gaba su fito, na baya su biyo su kamar 'yan tsaki bayan uwarsu, komai ya zo hannunki kina tsaye. Na buɗe na rufe har mai shagon ya fara gyaran murya. Malam Yahaya ya ce yana da kyau, sai dai ƙarfen yana son kulawa a damina, kuma ba ya son a danna masa kaya fiye da kima. Ni kuwa na san matar da ke ajiye robar man shanu tun zamanin da muke ɗaki ɗaya a Unguwar Mu'azu, wai wata rana za ta yi amfani. Ya nuna mini durowa mai fuskar kusurwa ma, da kanta a buɗe ba ƙofa. Kantar na soke ta da kaina, don ba zan bari baƙi su ƙirga robobinki ba. A ƙarshe ya ce idan abin ya gagara, a toshe lungun da katako kowa ya huta. Na ce masa wurin da matata ta yi shekaru tana yaƙi da shi ba za a binne shi tana Jos ba.

Duk wannan na zayyana miki a waya. Me kika ce mini, ya farin watana? Kika ce, “Yi yadda ka ga dama, Baban Becky.”

Celina, ni? Yadda na ga dama? Ni da ko labule na rataya sai kin sauke shi kin sake? Ni da kika mayar kasuwa da albasa don ta yi ƙanana? A asibiti na ga an tura ki ɗakin aiki, na ga robar ruwa a hannunki, na daure. Amma da na ji wannan magana, sai na zauna a kan buhun siminti na rasa abin yi. Gidan ya yi tsit kamar rafi a tsakiyar rani. Ba mai cewa na ajiye cokali a inda ba wurinsa ba, ba mai kirana daga kicin da muryar da ke tsallake katanga ta gaishe da maƙwabta. Ashe faɗanki ne iskar da nake shaƙa ban sani ba?

Kuma na gano ki. 'Yarki Becky ba ta iya riƙe sirri, gadon ubanta ta yi. Ta ce kin sa ta turo miki bidiyon kwandunan nan masu bin ƙofa, kin kalla kin sake kalla, har kin tambaye ta faɗin bakin lungun. Ta kuma ce kin ce mata wai kin ɗora mini nauyi da yawa a bana, ba za ki ƙara da son zuciya ba. Wane nauyi, ya sanyin idona? Itace yana kuka da nauyin 'ya'yansa? Ke da kika yi shekaru kina durƙuso a gaban risho a ƙofar ɗakin haya, hayaƙi na cika miki ido, kina zuba mini naman da ya fi girma kina cewa kin riga kin ci naki?

Saboda haka ga roƙona. Malam Yahaya zai dawo ranar Asabar da ma'auninsa, na kuma gaya masa ko ƙusa ɗaya ba zai buga a lungun ba sai ya ji daga bakinki. Ki kira shi. Ki ce masa kwanduna, ko farantai, ko wani abin da babu shi a shago. Ki ce masa ƙofar ta karkace ko da ba ki gan ta ba. Sannan ki kira ni ki gaya mini tayil ɗin da na zaɓa bai yi ba, domin ni ma na san bai yi ba, launinsa kamar kunun da ya kwana.

Ni kuma ga alkawarina. Duk abin da kika zaɓa, zan gaya wa kowa dama shi nake so. Kuma ranar da ƙarfe ya yi tsatsa, ko faranti ya ƙi juyawa, ko murfi ya faɗa can ƙurya, ke dai ki tsaya ki nuna da baki. Muddin akwai gwiwa a jikina, ni zan shiga.

Naki ni kaɗai, a rani da damina, har ranar da Ubangiji zai kira ɗayanmu,

Shekari