Maki Tara

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da girmamawa. Ya jiki?

Mama ta ce asibitin fata sun cire sunanka daga jerin masu karɓar sabuwar allura. Wai an yi maka tambayoyi goma don a auna yadda ciwon ya takura maka, ka samu maki biyu cikin talatin, alhali sai wanda ya haura goma ake ba. Biyu, Baba! Kai da Mama ke share ɓawon fatarka daga shimfiɗa kullum safiya? Me ka ce musu?

Autarka.

Auta,

Bayan sallama, muna lafiya. Uwarki dai ba ta iya riƙe magana.

Wata ma'aikaciya sa'arki ce ta karanta mini takardar. Ƙaiƙayi? Na ce alhamdulillahi. Kunyar mutane? Alhamdulillahi. Aiki? Na ce keken ɗinkina yana juyawa. Ita kuma tana ta zuba sifili. To me zan ce? Bawa ba ya kai ƙarar Ubangijinsa gaban takarda. Haƙuri maganin zaman duniya.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki.

Baba,

Ina gaisuwa, kuma ka yafe mini, yau zan yi rashin kunya.

Keke yana juyawa, amma ɗinkin wa? Mama ta ce rabin masu kawo yadi sun janye tun da suka ga hannunka. Ta ce in ka yi alwala tsagar gwiwar hannunka har jini take yi. Ta ce a masallaci ana bar maka gurbi hagu da dama, duk da likita ya ce ciwon naka, soriyasis, ba ya yaɗuwa, kuma yanzu sai an tayar da salla kake shiga, ka laɓe a sahun ƙarshe. Na yi kuka, wallahi.

Faɗa wa mai magani ciwonka ba butulci ba ne. Na roƙi 'yan asibitin, sun yarda a sake tambayarka ranar Talata. Don Allah ka faɗi gaskiya.

Autarka.

Auta,

Bayan sallama. Na je.

Na faɗa wa ma'aikaciyar nan komai, kaina a ƙasa. Ƙaiƙayi da kunya na ce sosai, ta rubuta. Sai ta shiga tambayar wasanni da yawon shaƙatawa da zuwa kanti, abubuwan da ban taɓa yi ba balle ciwo ya hana ni. Sifili. Aiki kuwa, tunda ban rufe shago ba, maki ɗaya.

Na ce, to alwala fa? Sahun salla fa? Ta juya takardar gaba da baya, ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, babu su a ciki.”

Tara na samu. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da bakina, na buɗe shi a gaban sa'ar 'yar cikina, bai kai ba.

Kada ki sake roƙon kowa.

Babanki.