A Maido Mini da Gyaran Daddawata

Zuwa ga Shugaban makarantar koyar da dabarun talla da iya magana a gaban jama'a, da ke GRA, Bauchi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ku da malamanku masu sa kwat da tsakar rana. Allah Ya ba su iska.

Sunana Talatu, a unguwarmu Iya mai daddawa ake ce mini. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, don haka in kun ga harafi ya karkace, ku miƙar da shi da kanku. Sau biyu na hau keke mai ƙafa uku na zo ofishinku, sau biyu mai gadi yana cewa sai wanda aka ba lokaci. Shi ya sa na biyo ta jarida.

Ƙarar jikana Sani na kawo, amma ku nake tuhuma. Ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya shekara biyu a kan tabarmata yana ƙirga azarar ɗaki. Bayan Babbar Sallah ya shiga horonku na sati shida, har na yi guɗa. Da ya fito da takardar shaida bai samu kamfanin da zai shugabanta ba, sai ya waiga ya ga kwandon daddawata. Ya naɗa kansa manaja, ni kuma wai sashen sarrafa kaya.

Na farko, maganar gyara. Ko ba ku sani ba, Yallaɓai, in mace ta sayi daddawa biyar, sai in ɗora mata ɗaya a kai. In haihuwa aka yi a gidanta ko rasuwa, biyu. Shekara talatin da ɗaya haka nake yi, tun kalwar da ake kawo mini daga Zungur a kan jaki take zuwa. Sani ya ce malaminsu ya ce mai ba da kaya kyauta bai san darajar kansa ba. Ya sayo robobi, ya zuba daddawar, ya liƙe bakin, ya manna hotona ina dariya ba haƙora. Ku faɗa mini, ta ina hannu zai shiga robar da aka liƙe?

Na biyu, kun koya masa ya kalli mai saye ido cikin ido, ya kira sunansa, ya gama bayani cikin minti ɗaya. Minti ɗaya! Ni a minti ɗaya ko gajiya ban gama tambaya ba, balle a zo kan yara da mai jiki. Ranar nan ya tsare Hajiya Babba da ido, matar da ta yi mini wankan jego da na haifi ubansa, ya kira sunanta na yanka, ya shiga karanta mata amfanin daddawa ga lafiyar jiki. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaye ni ko yaron ya fara shan wani abu ne.

Na uku, wannan ne ya sa ni neman biro. Ina da ƙawa, Maman Rifkatu, daga Yelwa. Duk Alhamis take zuwa sayen daddawar miyar Lahadi, fiye da shekara ashirin. Tana da kujerarta a gindin darbejiyata. A nan muke yankan kuɓewa muna yi da surukanmu. Ranar da aka fara sabon tsari ta zo, Sani ya miƙa mata roba, ya gode mata da hulɗa da kamfaninmu. Ta tsaya da kwanonta a buɗe tana jira. Ta dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa. A wurinmu in an hana ki gyara, to an gaya miki akwai wata a ƙasa, ba sai an buɗe baki ba. Ta rufe kwanonta ta tafi. Alhamis bakwai ke nan ba ta zo ba. Na bi ta har gida na yi mata bayani, ta ba ni ruwa, ta ce ba komai. In kuna da mata a gida, kun san irin wannan ba komai ɗin. Wasu ma sun ɗauke ƙafa, amma tata ce ke yi mini ciwo.

Za ku ce in tsawata masa mana. Ai nan kuka ɗaure ni. Kun gaya musu duk mai son ci gaba ya nisanci masu karya masa gwiwa. Da, in na ce masa mijina marar cefane, sai ya ce tsohuwa mai warin kalwa, mu yi ta yi har uwarsa ta raba mu. Yanzu ko me na faɗa, sai ya yi mini wannan murmushin da kuka koya masa, ya ce tunanina ne ke tauye ni. Na kai ƙara wurin ubansa, ya ce in bar shi, ko ba komai yanzu yana tashi da wuri. Kuma gaskiya ne. Da asuba yana gaban madubi yana gaya wa kansa shi shugaba ne, akuyata na amsa masa. Na ga yaron nan a kwance shekara biyu, ba zan iya zama wadda za ta sake kwantar da shi ba. In na ƙwace kwandona na karya shi, in na yi shiru tsakar gidana ta zama kufai. Na rasa inda zan dafa.

Ga roƙona. Ku kira Sani, ku gaya masa da bakinku cewa gyara ma dabarar talla ce, don maganarku kaɗai yake ji. In babu ita a littafinku, ku sa biro ku ƙara a gefe, ba wanda zai tona. Sannan ku sanar da ɗalibanku cewa kaka ba ta cikin mutanen da ake nisanta. Amma don Allah kada ku ce masa ya faɗi, kada kuma ku karɓe takardarsa, ya riga ya sa ta a gilashi.

Na bar muku saƙo a wurin mai gadi, in bai kai gidansa ba: roba ɗaya a liƙe yadda kuka koyar, da wata 'yar ƙarama ɗaya a gefe, ƙulle cikin ganye. Ku kai wa mahaifiyarku, ku tsaya ku ga wacce za ta fara kwancewa.

Allah Ya ƙara muku ɗalibai, Ya ba su aikin da ba a kwandon kakanninsu yake ba. Jibi Alhamis. Zan share gindin darbejiya in fito da kujerar, kamar yadda na yi sau bakwai.

Wassalam.

Taku,
Iya Talatu mai daddawa, sashen sarrafa kaya
Bauchi